Lissafin hawa da saukar madarar shanu ruwa-biyu a ƙasar Daura

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da gonar kawuna a bayan garin Daura, ta hanyar Mai'aduwa. Muna da shanun tatsa goma sha takwas, duk ruwa-biyu ne, Firiziyan (shanun madara na Turai) da Bunaji. Shekara biyu ke nan muna rubuta madarar da ake tatsa. Na sa alƙaluman a Excel na gwada fomular Wood mai zana layin hawa da saukar madara, sai ga shi a kan shanu bakwai harafin b na fomular ya fito ƙasa da sifili, biyu kuma layinsu sai hawa yake yi ba ya sauka. Fomular ce ba ta dace da shanunmu ba, ko ni ne na yi kuskure? Kuma wane amfani zanen zai yi mana a aikace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a dukiyar, ya kuma saka maka da wannan rubutu na shekara biyu, domin shi ne abin da yawancin gonakinmu ba su da shi. A taƙaice, fomular ba ta da laifi, kai ma da wuya a ce ka yi kuskuren lissafi. Abin da ka gani ya fito ne daga wurare uku: ranar da kuka fara awo bayan haihuwa, abin da maraƙi ya sha ba a rubuta ba, da kuma damina da ta riski saniya a tsakiyar tatsa. In ka gyara waɗannan, yawancin layukan za su daidaita, waɗanda suka ƙi daidaita kuma su ne ke da labarin da ya kamata ka saurara.

Bari mu fara da fomular kanta, don mu tabbata abu ɗaya muke nufi. P. D. P. Wood ya fitar da ita a Ingila a 1967, kuma har yau ita aka fi amfani da ita saboda haruffa uku kawai take buƙata:

y = a × t^b × e^(−c × t)

A nan y ita ce madarar yini ɗaya, t kuma yawan kwanaki tun daga ranar haihuwa. Alamar ^ tana nufin ɗagawa zuwa iko (power), e kuma tsayayyar lamba ce, kusan 2.718, wadda Excel ke ɗagawa da umarnin EXP. Harafin a yana ɗaga layin gaba ɗaya ko ya sauke shi, wato matakin da saniyar take. Harafin b shi ne ƙarfin hawa daga haihuwa zuwa ganiya, c kuma saurin gangarowa bayan ganiya. Ranar ganiya ana samunta da raba b da c. Madarar ranar ganiya kuma sai ka mayar da wannan rana cikin fomular.

Ga misali da alƙaluman da na zaɓa don bayani kawai. A ce saniya ta farko tana da a = 6, b = 0.2, c = 0.004. Ganiyarta rana ta 50 ce, da lita 10.7. Ranar 10 tana ba da 9.1, ranar 100 tana ba da 10.1, ranar 200 tana ba da 7.8, ranar 305 kuma 5.6. In aka tara kwana 305, wato tsawon zangon tatsa da aka saba lissafi da shi, za a samu kusan lita 2,600. Saniya ta biyu kuma a = 7, b = 0.2, c = 0.008. Ita ganiyarta rana ta 25 ce, da lita 10.9, wato ta ɗan fi ta farko ma. Amma ranar 100 ta sauko 7.9, ranar 200 ta koma 4.1, kafin ranar 305 ba ta kai lita 2 ba. Jimillarta kusan lita 1,850.

Dubi wannan da kyau, domin duk amfanin aikin yana nan. Wanda ya zo sayen saniya ya tarar da su biyun wata guda bayan haihuwa, bokitinsu ɗaya zai gani, wataƙila ma ta biyun ya zaɓa. Alhali tsakaninsu akwai lita 750 a zangon tatsa ɗaya, kuma ciyawa ɗaya suke ci, ruwa ɗaya suke sha. Tsakanin rana ta 100 da ta 130, ta farko kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari ta rage, ta biyu kashi 17. Masu kiwo suna cewa wance "mai riƙe nono ce", wance kuma "mai saurin ƙafewa ce". Harafin c shi ne wannan maganar a lissafe. A wurina c ta fi ganiya muhimmanci a shanu ruwa-biyu na ƙasarmu, saboda ganiya mai tsawo tana neman abincin da sau da yawa ba mu da shi a lokacin da ake bukatarsa, tana kuma rame saniya ta jinkirta ɗaukar ciki.

Yanzu ga b da ta fito ƙasa da sifili. In b ta zama haka, fomular tana cewa ba ta ga hawa ba, gangara kawai ta gani tun daga farko. Buɗe littafinku ka duba waɗannan shanu bakwai, ka ga rana ta nawa aka fara rubuta musu awo. Ina kyautata zaton za ka tarar an bar wa maraƙi nonon sati uku, huɗu ko fiye kafin a fara tatsa sosai, kamar yadda aka saba. Jinin Bunaji yana sa ganiya ta zo da wuri, sau da yawa cikin sati uku zuwa shida na farko. Saniyar da ta kai ganiya ranar 25, aka fara auna ta ranar 45, ai an iske ta ne a kan gangara, fomula kuma ba ta ƙirƙiro abin da ba a ba ta ba. Maganinsa shi ne a fara awo tun rana ta biyar zuwa ta bakwai, bayan dakashi ya wuce, a riƙa yi kowane mako har rana ta 60, daga nan duk bayan sati biyu. In aiki ya yi yawa, bayan ranar 60 sau ɗaya a wata ma ya isa, amma awon farko-farkon nan ba a yafe shi. Haruffa uku ake nema, don haka kada ka amince da layin da aka zana da awo ƙasa da takwas, kuma aƙalla uku daga ciki su kasance kafin rana ta 40.

Akwai kuma shanun da ko an auna su da wuri, ba su da hawa da gaske. Saniyar da ta haihu a rame, ko mahaifa ta maƙale mata, ko ta haihu a tsakiyar bazara ba abinci, tana farawa da abin da ke jikinta ne sannan ta yi ta raguwa. Irin wannan b ɗinta gaskiya ta faɗa, kuma gyaran yana wajen ciyarwar wata biyun ƙarshe na ciki.

Abu na biyu shi ne maraƙi, kuma a nan gizo ke saƙa a kusan kowace gonar da ke da jinin shanun gida. Saniya mai jinin Bunaji ko Bokolo sau da yawa ba ta sakin nono sai maraƙinta ya taɓa hantsa. Don haka ake sakinsa ya fara sha, a janye shi a tatsa, a sake sakinsa ya ƙarasa. Abin da ya shiga bokiti ke nan aka rubuta, wanda ya shiga cikin maraƙi ba a san shi ba. Da a ce abin da maraƙin ke sha daidai yake kullum, da sauƙi, sai layin ya sauka gaba ɗaya amma siffarsa ta tsaya. To ba haka ba ne. A watan farko mai tatsa yana tausaya masa ya bar masa da yawa, a wata na uku ya girma yana zuƙa da ƙarfi, ranar da aka yaye shi kuma sai bokiti ya ƙaru ko saniyar ta riƙe nono ta fara ƙafewa. Duk wannan yana shiga cikin b da c ba tare da ka sani ba.

Hanyar da ta fi inganci ita ce auna maraƙin kafin ya sha da bayan ya sha. A ranar awo a raba shi da uwar tun daren jiya, a ɗora shi a sikeli, a sake shi, in ya gama a sake aunawa, bambancin shi ne madarar da ya sha, sai a haɗa da ta bokiti. Sikelin ya zama mai nuna kashi ɗaya cikin goma na kilo, in ba haka ba lita biyu za ta ɓace a cikin kilo talatin. In ya yi fitsari ko kashi tsakanin awo biyun, awon ya lalace, a sake washegari. Ba sai kullum ba, sau ɗaya a sati biyu ya wadatar. In ba ku da irin wannan sikeli, ku tsayar da doka ɗaya da ba ta canzawa: a bar wa maraƙi kan nono ɗaya, shi ɗin dai kullum, a tatse ukun tas. Sai dai kada ka ce ukun su ne kashi uku cikin huɗu daidai, domin na baya sun fi na gaba cika, biyun baya sukan ɗauki kusan kashi 60 cikin ɗari, biyun gaba kusan 40. In na gaba aka bar masa, bokiti ya samu kusan kashi 80, in na baya ne kusan kashi 70. Ka rubuta wanne ne a littafi.

Sauran kurakuran awo ƙanana ne amma suna taruwa. Kumfa tana yaudarar ido a bokiti mai zane, gara a rataya bokitin a sikeli a cire nauyinsa. Lita ɗaya ta madara kilo 1.03 ce, ka zaɓi ɗaya, lita ko kilo, ka tsaya a kai. Kada a auna ta safe kawai a ninka biyu. In kuna tatsa ƙarfe shida na safe da huɗu na yamma, ta safe ta tara awa 14, ta yamma awa 10, don haka lita 6 da safe tana nufin wajen 10.3 a yini, ba 12 ba. Sannan ranar haihuwa dole ta zama tabbatacciya. Kuskuren kwana goma a ranar haihuwa ba ya yin komai a rana ta 200, amma a rana ta 15 yana juya b gaba ɗaya. Ka kuma rubuta sunan mai tatsa a gefe, saboda sakin nono mintoci kaɗan yake ɗauka, kamar biyar zuwa takwas, mai sanyin hannu ko wanda saniya ba ta saba da shi ba zai bar madara a hantsa, ka zaci saniyar ce ta rage.

Mu koma kan shanu biyun da layinsu ke ta hawa. Duba watan da suka haihu. In tsakanin Fabrairu da Afrilu ne, to an gama magana. Sun haihu a lokacin da harawa ta ƙare ko ta yi tsada, karan dawa ya bushe ƙamas, zafi yana kaiwa digiri 40 da rana, saniya mai jinin Firiziyan tana tsaye a inuwa tana haki maimakon ci. Ganiyar da ya kamata ta zo ranar 40 ba ta samu zuwa ba. Sai ruwa ya zauna a ƙarshen Yuni, ɗanyar ciyawa ta fito a Yuli da Agusta, gari ya yi sanyi, madara ta tashi a rana ta 120 ko 150. Fomular Wood tudu ɗaya ta sani, in ta ga na biyu ya fi na farko sai ta miƙe layin sama, c ta juya alama. Shi kansa Wood ya lura da irin wannan a Ingila lokacin da shanu ke fita sabuwar ciyawa, ya kuma ƙara gyaran yanayi a aikinsa na baya. Namu bambancin rani da damina ya fi nasu tsanani nesa ba kusa ba.

Gyaransa shi ne a raba tasirin kwanaki da tasirin yanayi. Ka haɗa awon shanun duka a takarda ɗaya, ka ƙara layin tsaye (column) guda da za ka sa 1 in an yi awon daga Yuli zuwa Satumba, 0 in ba haka ba. Kana iya ƙara wani don bazara, Maris zuwa Mayu. Lambar da za ta fito wa layin damina, in ka sa ta cikin EXP, za ta gaya maka ninkin da damina ke yi. Misali in 0.15 ta fito, EXP ɗinta 1.16 ne, wato ƙarin kashi 16 cikin ɗari a kan abin da kwanakin tatsa kaɗai za su bayar. Amma wannan ba ya yiwuwa a kan saniya ɗaya, kuma ba ya yiwuwa in duk shanun wata ɗaya suka haihu, domin lissafi ba zai iya bambance "rana ta 130" da "watan Agusta" ba in kullum tare suke zuwa. Da shanu goma sha takwas da shekara biyu kana da zangon tatsa wajen talatin, in haihuwarsu ta warwatsu cikin shekara za ka samu abin dogaro, ko da ba mai kaifi sosai ba.

Tunda Excel kake amfani da shi, ga tsarin da ba ya ruɗarwa. Layin A kwanaki, layin B madara, layin C ka sa =LN(B2), layin D ka sa =LN(A2), layin E ka maimaita kwanakin. LN umarni ne na logarithm, kishiyar EXP, shi ke miƙe fomular ta yadda umarnin LINEST, mai nemo layin da ya fi dacewa da awo, zai iya warware ta. Sannan =LINEST(C2:C15,D2:E15). Lambobi uku za su fito, kuma a juye suke fitowa, nan ne mutane da yawa ke faɗawa: ta farko ta layin E ce, wato c da alamar ragi a gabanta, ta biyu b ce, ta uku kuma sai ka sa ta cikin EXP kafin ta zama a. Ka tabbata ba ka karanta ta farko a matsayin b ba, domin ita dama ƙasa da sifili take fitowa. In tsohon Excel ne, sai ka zaɓi gurabe uku a jere ka danna Ctrl da Shift da Enter tare. Kada ka sa rana ta sifili ko madarar sifili, LN ba ta karɓarsu.

Wannan hanya tana da aibi guda. LN tana kumbura ƙananan lambobi, don haka rana ɗaya da saniya ta yi zazzaɓi ta ba da lita 2 maimakon 9 za ta ja layin duka. Ka cire irin wannan awo in akwai dalilinsa a rubuce, ciwo ne, neman bijimi ne, ko ranar allura, amma kada ka cire lamba don kawai ba ta yi maka daɗi ba. Bayan haka ka ɗauki a, b, c da LINEST ta bayar a matsayin mafari, ka lissafa hasashen kowace rana, ka cire shi daga awon gaskiya, ka ninka kowane bambanci da kansa, ka tara, ka sa Solver, kayan aikin Excel mai gwada lambobi da kansa, ya rage wannan jimilla ta hanyar canza haruffan uku. Abin da ya fito shi ne ya fi kusa da bokiti. Mai amfani da manhajar lissafi ta R zai yi wannan da umarnin nls a layi ɗaya.

Wajen sanin ko layin ya zauna, kada ka dogara da R² kaɗai, wato lambar da ke nuna kashi nawa na hawa da saukar awo layin ya bayyana. Saniyar da ta fi kowa riƙe nono, wadda layinta ya kusa kwanciya, ita ce za ta ba ka R² mafi ƙanƙanta, saboda babu wani babban hawa da sauka da za a bayyana, alhali hasashen daidai yake. Gara ka raba jimillar nan da Solver ya rage da yawan awo ban da uku, ka ɗauki tushenta (SQRT), ta ba ka matsakaicin kuskure a lita. Ga saniyar lita goma, in bai kai lita ɗaya ba na gamsu. Sannan ka zana bambance-bambancen a jere ka kalle su. In suna tsalle sama da ƙasa ba tsari, lafiya. In shida a jere suna sama, shida a jere suna ƙasa, akwai abin da fomular ba ta kama ba, kuma a nan ƙasar yawanci yanayi ne ko ciki. An san fomular Wood da ɗan danne ganiya, tana nuna ta ƙasa da yadda take, don haka kada ka yi mamaki in awon ranakun ganiya ya ɗan haura layin.

Akwai wasu fomuloli, kuma biyu sun isa a ambata. Ta Wilmink, daga Holan a 1987, ita ce y = a + b × e^(−k × t) + c × t, inda akan tsayar da k a kan 0.05 (a, b, c ɗinta ba ma'anarsu ɗaya da na Wood ba). In an tsayar da k, LINEST tana warware ta kai tsaye ba tare da LN a kan madara ba, don haka ranar ciwo ba ta janta kamar Wood. An zaɓi 0.05 ne don shanun Holan, ga shanun da ke kai ganiya da wuri ka gwada 0.07 da 0.1 ka ga wadda ta rage kuskure. Ta Ali da Schaeffer, daga Kanada, ita ma a 1987, haruffa biyar gare ta, tana bin lanƙwasa sosai, amma da awo takwas ko goma za ta bi har kurakuran mai tatsa, ta kuma yi hasashen banza a wajen kwanakin da aka auna. Ga gona irin taku, Wood ko Wilmink tare da gyaran damina sun wadatar. Lokacin da za ka kashe wajen gwada fomula ta biyar, gara ka kashe shi a kan sikelin maraƙi.

In jimillar madarar zangon da ya riga ya wuce kawai kake so, ba ka ma bukatar fomula. Ka haɗa awo biyu da ke jere, ka raba biyu, ka ninka da kwanakin da ke tsakaninsu. Lita 9.1 a rana ta 10 da 10.7 a rana ta 40 sun ba da 9.9 sau 30, wato lita 297. Ka yi haka har ƙarshe ka tara. Fomula tana shigowa ne in ana son hasashen abin da bai zo ba, ko kwatanta siffar saniya da saniya.

Kafin kwatantawa, raba su gida-gida. Karsanar da ta yi haihuwar fari ganiyarta ƙasa take, layinta kuma ya fi kwanciya, domin tana kan girma, tana ba da wajen kashi uku cikin huɗu na abin da za ta bayar in ta cika a haihuwa ta uku zuwa ta biyar. In ka gwada ta da babbar saniya za ka zalunce ta a kan a, ka yaba mata fiye da kima a kan c. Yawan jini ma haka. 'Yar Firiziyan tsantsa da Bunaji tsantsa, mai rabi da rabi, tana da ƙarfin gauraye cikakke, wato ƙarin ƙwazon da haɗa jini biyu mabambanta ke kawowa. In aka haɗa rabi-da-rabi da rabi-da-rabi, 'ya'yan suna rasa rabin wannan ƙarfi kuma suna fitowa bambam-bambam, wata ta yi uwa wata ta yi kaka. Masu kashi 75 na Firiziyan suna iya kai ganiya mafi tsawo in akwai abinci da inuwa da maganin kaska, in babu kuwa su ne ke fara faɗuwa a bazara. Ba banza ba Barazil ta tsayar da irin Girolando a kan kashi biyar cikin takwas na Holstin (dangin Firiziyan) da uku na Gir (saniyar Indiya mai tozo). A nan gida cibiyar NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ta daɗe tana aiki a kan Firiziyan da Bunaji, kuma wuri ne da ya kamata ka nemi shawara kan bijimi ko maniyyin da za ku yi amfani da shi a kan karsanan da ke tasowa.

Wani abu da nake roƙonka: shanun da suka ƙafe da wuri, a rana ta 120 ko 150, kada ka fitar da su daga lissafin garke don layinsu bai cika 305 ba. Gajeren zangon tatsa hali ne da ake gado a shanu masu tozo, kuma shi ne babban abin da kake son ganowa. In ka cire su, matsakaicin garken zai yi kyau a takarda, bijimin da ya haifo su kuma zai tsira. Ka rubuta ranar ƙafewa da dalilinta, mutuwar maraƙi ce, ciwon hantsa ne, ko haka kawai, ka lissafa musu abin da suka bayar a kwanakin da suka yi. Kada kuma ka miƙa musu layi har 305, madarar da ba a tatsa ba ba a sayar da ita.

To, amfanin aikace. Na farko, layin garke. Ka fitar da a, b da c ɗaya na 'yan haihuwar fari, ɗaya na manya, ka buga jadawalin kwanaki da litar da ake sa rai, ka manna a ɗakin tatsa. Sabuwar saniya in ta yi awo biyar ko shida, ka raba kowane awo da abin da jadawali ya ce, ka ɗauki matsakaici. In jadawali ya ce 10.1 ita kuma 8.6 take bayarwa, kuma haka take tafiya a sauran ranakun, tana kan kashi 85 ne, garken da ke ba da 2,600 ita wajen 2,200 za ta bayar. Wannan ya fi aminci a kan nema mata haruffa uku nata na kanta da awo kaɗan.

Na biyu, gano ciwo da wuri. Ruwa ba ya tsami banza. Saniyar da ta faɗi kashi 15 zuwa 20 ƙasa da layinta kwana biyu ko uku a jere, a duba ta ranar. A tatsi ɗigon farko na kowane kan nono a baƙin faranti a nemi gudaji, a taɓa hantsa ko da zafi ko tauri, a sa ma'aunin zafi, a duba kaska a kunne da hantsa da ƙarƙashin wutsiya, a kalli launin fitsari da fatar ido. Faɗuwar kwana ɗaya ko biyu da ta dawo da kanta sau da yawa neman bijimi ne, ka rubuta ranar ka ƙirga kwana 21. In garken duka ne ya faɗi rana ɗaya, kada ka nemi ciwo tukuna, duba kwamin ruwa da buhun abinci. Saniyar lita goma a bazarar Daura tana iya shan lita 70 ko 80 a yini, ruwan safe da yamma kaɗai ba ya isarta, kuma ƙarancin ruwa yana bayyana a bokiti tun washegari.

Na uku, rabon abinci. Ƙa'idar da aka saba ita ce kilo ɗaya na haɗin dusa da ƙuliƙulin auduga ko na gyaɗa ga kowace lita biyu zuwa biyu da rabi, bayan saniya ta ƙoshi da harawa da ciyawa. Layin yana gaya maka inda kilon zai fi biya. Madara tana kai ganiya kafin cin saniya ya kai nasa, shi sai wajen sati na goma ko bayansa, don haka a kwana 60 na farko daga jikinta take cirewa. A nan ake ƙara mata, a hankali, kamar rabin kilo duk bayan kwana biyu ko uku, ba a zuba mata gaba ɗaya ba, don yawan dusa da gari lokaci guda yana tsamar da tumbi ya kashe mata ci. Kilon da aka ba saniya a rana ta 250 yawancinsa kitse yake zama. Shi ya sa raba abinci daidai wa daida ga duk garke asara ce ta fuska biyu.

Na huɗu, ciki da ƙafarwa. Daga wata na biyar na ciki gangarar tana ƙara sauri, ka sa ranar barbara a littafi don kada ka ɗora wa saniya laifin da na ciki ne. Cikin saniya wajen kwana 280 ne, hutun kwana 60 take bukata, don haka a daina tatsa kwana 220 bayan ta ɗauka, ko da tana da sauran nono. Wadda ba ta da ciki kuma layinta ya gangaro inda kuɗin madarar bai biya dusa da ladan mai tatsa ba, jadawalin zai nuna maka ranar tun kafin ta zo.

Lambar damina da ta bazara da za ka fitar su ne za su ba ka hujjar tsara lokacin haihuwa. Ga shanun da ake ciyarwa a gida, saniyar da aka yi wa barbara a tsakiyar Janairu zuwa Fabrairu za ta haihu ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba. Lokacin harawar wake da ta gyaɗa sabuwa ce kuma da araha, ganiyarta za ta faɗo cikin sanyin hunturu, bazara ta same ta ta riga ta wuce rana ta 120, damina kuma ta tallafi ƙarshen zangon. Sharaɗinsa shi ne ku sayi harawa tun kaka ku adana a rumfa sama da ƙasa inda gara da rana ba za su taɓa ba, gwargwadon abin da zai kai ku ƙarshen Yuni. Kada dai ku tura shanun duka wata ɗaya, masu karɓar madara da kindirmo kullum suke so, kuma lissafin yanayin ma yana bukatar wasu su riƙa haihuwa a wasu watanni. In ka sake gudanar da lissafin shanu bakwai ɗin nan, ka rubuta kusa da kowacce ranar awon farko da watan haihuwa da ranar yaye maraƙi, ka turo tare da a, b, c ɗinsu, sai mu duba waɗanda suka rage ɗaya bayan ɗaya.